Garbai da Bukukuwan Kulumbu

Duk wanda ya san Gure a wancan zamani ya san Garbai mai jan jigo. Dogo ne siriri, kafaɗa ɗaya ta karkace saboda jan ruwa, kanwar ruwan rijiya ta cinye masa tafin hannu. Ba shi da lambu, na mutane yake shayarwa a kwarin bayan gari. Abin da ubansa ya bar masa ƴar gona ce a kan tudun rairayi, sai wani baƙin tulu na ajiye iri. Ƙarya kuwa ba gado ba ce, da guminsa ya same ta.

Ba irin ƙaryar da ke raba aure ba. Wata ƙasa ya ƙaga, wai ita Kulumbu, tana ƙarƙashin babban tudun gabas, ƙofarta ta cikin wata tsohuwar rijiya. Ya ce ya faɗa ciki yana saurayi, har ya yi shekara a can. In aka ce tatsuniya ce sai ya ɓata rai, ya ce tatsuniya aikin tsofaffin mata ce, shi abin da idonsa ya gani yake faɗi, da rana tsaka, ga guga a hannu.

Mutanen Kulumbu, in ji shi, ba su da sana'a sai biki. In dabino ya nuna, sarkinsu ne ke hawa da kansa, talakawa na ƙasa suna yi masa tsawa ya yi sauri. Da kaka akan ɗaura wa fara aure, a raka amarya da ganguna har bakin daji, a gargaɗe ta kada ta dawo ko da yaji. Da sanyi sai bikin raƙuma, a sa musu lalle da kwalli, wanda ya fi muni shi ke cin goro. Masu lambu su yi dariya har da hawaye, su ce, "Garbai, ka ji tsoron Allah." Shi kuwa ya ce, "Ku da ba ku taɓa wuce Gidigir ba, me kuka sani?"

Matarsa Aisa ba ta dariya. Takan ce, "Kulumbu, Kulumbu! Ka koma can su ba ka zane ka kawo mini, nawa ya zama rariya." Sun haifi ƴaƴa sun binne, guda ta tsaya musu, Hawa. Sunan uwar Garbai aka sa mata, don haka shi Uwata yake ce mata, Aisa kuwa Auta take ce mata. Duk Gure ita kaɗai ta gaskata shi. Ta haddace bukukuwan nan a jere, in ya rikice ita ke gyara masa.

Tulun nan yana da doka tun kakanni. Da kaka a zaɓi zangarniyar da ta fi ido, a sussuke, a cuɗe da toka, a liƙe bakin da laka. Ba a fasa shi sai ruwa ya jiƙa ƙasa. Gidan da ya ci irinsa, gori ne har jikoki.

Sai shekarar fara ta zo. Wannan amarya dai ta dawo, da danginta duka. Gero na cikin fitar da kai ta sauka, ta tashi ta bar kara tsirara. Abin da Garbai ya tsinto a gonarsa da kyar ya cika tulun, ya liƙe. Kafin sanyi ya wuce mutane sun koma tonon gidan tururuwa da sussukar ƙarangiya. Goriba ta ƙare, aka faɗa wa anza, mai ɗacin da sai an yi ta jiƙawa ana zubarwa. Rijiyoyin kwari suka ja baya, masu lambu suka sallami Garbai. Masu sauran ƙarfi suka nufi Barno. Kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, na barikinsa, shi dai ba a ga ya rame ba.

Wata rana Garbai ya ga sawun farce a lakar tulun. Ya dubi Hawa, ta sunkuyar da kai. Duka ba ya iyawa, abin da ya iya shi ya yi. Ya zaunar da ita a cinya ya ce, "Uwata, na taɓa gaya miki babban bikin Kulumbu? Bikin buɗe tulu. Ranar ruwan farko sarki ke fitowa ba takalmi, ya fasa laka, kowa ya sha kunu har ya kasa tashi. Amma wanda ya ci ko ƙwaya ɗaya kafin ruwa, hadari na jin warin bakinsa. Sai ya juya, ƙasa duka ta mutu."

Daga ranar ba ta sake kusantar tulun ba. Garbai har daɗi ya ji, wai ya yi dabara.

Bazara ta yi tsawo. Gashin yarinya ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, anza ba ta zama a cikinta. Aisa ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Ka fasa tulun nan."

"In muka ci, me za mu shuka?"

"Wa za ka shuka wa? Ni ko kai? Dube ta!"

Ya ce a ƙara haƙuri, ya ga gabas ta fara duhu. Ba duhun komai, idonsa ne. Ya ja kwanaki yana kallon sama kamar wanda aka yi wa alkawari. Sai ranar da Hawa ta kasa zuwa bayan ɗaki da ƙafarta ya ɗauki taɓarya ya fasa lakar. Aisa ta wanke toka, ta daka, ta dama kunu, ta kai mata baki.

Yarinya ta shinshina, ta dubi tulun, ta datse haƙora.

"Sha, Auta."

"An yi ruwa?"

Garbai ya durƙusa. "Uwata, sha. Babu wata Kulumbu. Ni na ƙaga ta, ban taɓa faɗawa rijiya ba."

Ta ce, "Don in sha kake faɗi."

Aka kira Ya Kaka, tsohuwar maƙwabciyarsu. Ta ce, "Ke ƴar nan, ubanki fa kaf garin nan babu maƙaryaci kamarsa. Tun yana yawo ba wando na san shi." Hawa ta buɗe ido da kyar ta ce, "Ke ba ki taɓa wuce Gidigir ba."

Ya sake dabara, ya ce ya manta da wani biki, na ɗanɗano, inda ƙaramar yarinya ke fara sha. Ta girgiza kai, ta ce daga na raƙuma sai na tulu, babu komai a tsakani. Suka danne ta suka ɗura, ta amayar tana kuka, wai sun kori hadari. A ƙarshe Garbai ya ɗebo ruwa a rijiya, ya taka turmi, ya riƙa watsawa a kan jinkar ɗaki, Aisa na ciki tana cewa, "Ji, Auta, ji ruwa!" Yarinyar ta saurara. Ta ce, "Inna, ƙasa ba ta yi ƙamshi ba."

Da safiyar wata Laraba aka kai ta. Laka ba ta gama bushewa a kabarinta ba ruwa ya sauka, mai yawa. Garbai ya ɗauki sauran irin ya hau tudu ya shuka, don ba shi da wani abin yi da hannunsa. Geron ya yi kyau, abin haushi. Aisa ta taya shi girbi, ta ɗaure kayanta ta koma wurin danginta a Kelle. Bai bi ta biko ba.

Ya koma jigonsa ya ci gaba da ja, baki rufe. Masu lambun da ke ce masa ya ji tsoron Allah su ne suka dawo suna roƙo, "Garbai, ɗan taɓa mana na raƙuman nan." Sai ya ce rairayi ya rufe rijiyar Kulumbu.

Tulun bai daina cika shi da kaka ba. Amma kowace bazara, tun sama na fari tas, yakan fasa lakar a tsakar gida a gaban kowa, ya ɗebi rabi ya kai wa Ya Kaka ta dama. Ya tara ƴan matan unguwa ƙanana, ya tsaya a kansu sai ya ga gindin ƙwarya. Dattawa suka ce ya ɓata dokar ubansa, ya ce ya ji. Ruwa kuwa wata shekara ya zo da wuri, wata ya makara, kamar yadda ya saba.

Ya rasu shekarar da aka fara kwasar samari zuwa yaƙin Nasara, ana tsakiyar zafi. An tarar da tulun a buɗe, rabi a ciki.