Kalar Gyaɗa da Kwamfutar Saratu

Ni ban taɓa zama a aji ba. Jikata Saratu ce take rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na gargaɗe ta kada ta ƙara gishirin da ban sa ba.

Muna yara a ƙauyenmu na wajen Makoɗa, gonaki a manne suke da juna, layin gamba ne kawai yake raba ta wane da ta wane. In kaka ta yi aka tone gyaɗa, da an gama cin tuwo sai kakata, wadda muke kira Iya, ta hura wuta da kara a tsakar gida, ta dire mana kwando mu ɓare. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce. Hannunka ya tsaya, bakinta ya tsaya. Wanda ya jefa ƙwaya a baki tana ganinsa ko ta juya baya. A wurinta na gaji idon da jikokina suke kuka da shi yau.

Takan watsa ɓawo a wuta, in ya kama ta ce, "To, baƙuwa ta iso ƙofa. A buɗe mata ko a bar ta a waje?"

Mu kwatsa ihu, "A buɗe mata, Iya!"

Baƙuwar nan tatsuniya ce, kuma wadda muka fi so ita ce ta wani manomi da ya ƙi jinin masu kala. A garinmu, in an tone gyaɗa an kwashe, sai tsofaffi da gwauraye su shiga gonar da ƙwarya da guntun fartanya, su tsince abin da ya maƙale a ƙasa. Wannan ne kala, kuma ba a neman izini. Shi kuwa mutumin nan ganin ƙwaryar wata a gonarsa yakan sa masa ciwon ciki. Shekarar farko ya tone gonar sau biyu, duk da haka wata tsohuwa ta sami cikin tafi. Ta biyu ya zo da rariya ya tankaɗe ƙasar gonar kunya bayan kunya, sai ga kurege ya fito da ƙwaya a kumatu. Ta uku ya ce ya gano dabara: zai kwashe ƙasar gonar duka ya kai gida, ya tankaɗe ta a bayan danga inda ba mai gani.

Nan Iya takan miƙe ta ɗora kwando a ka, tana tafiya tana nishi tana waige-waige, mu kuwa muna birgima a tabarma. Ya yi ta jida har ya gama. Bai kai ga mayar da ƙasar ba ruwa ya sauka, gona ta zama kududdufi, ƙasar da ya tara kuma ta narke ta toshe masa ƙofar ɗaki. Kwaɗi suka tare a inda gyaɗa take.

"Ku saurara da damina," in ji Iya, "har yau faɗa suke yi masa: ka bar, ka bar, ka bar!" Sai ta kakkaɓe zani ta ce, "Baƙuwa ta tafi, a rufe ƙofa. Wa ya ci mini gyaɗa?"

Iya addinin kakanni take bi, ta rasu kafin mai bishara ya shigo unguwarmu. Ni na yi baftisma ina goyon ɗana Bitrus, wanda yanzu dattijo ne a cocinmu, kuma uban Saratu.

Bara da kaka Bitrus ya shigo ya ce ya yi magana da wani makiyayi: ranar da aka kwashe gyaɗa, washegari shanu za su shiga gonar su kwana su bar taki. Na ce kala fa? Ya ce, "Inna, zamani ya wuce nan. Taki ya yi tsada." Ni kuwa na san Hajara maƙwabciyata, Musulma ce, tare muka yi wasan ƙasa, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki. Da kalar gonarmu take yin ƙuli-ƙuli da man miya har rani ya raba. In kofato ya tattake ƙasar, ba abin da za ta samu. Na yi magana sau ɗaya, bai ji ba. Ni ba na maimaita magana.

A kwanakin ne Saratu ta zo hutu daga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Kullum da yamma tana gindin darbejiya da kwamfuta a cinya, tana murmushi ita kaɗai. Na sa mata ido kwana da kwanaki, rannan dai na tsaya a kanta.

"Ɗan gidan wa ne?"

"Wa, Kaka?"

"Wanda kike yi wa haƙora a cikin akwatin nan."

Ta yi dariya har kwamfutar ta kusa zamewa. Ta jawo mini kujera ta nuna mini. Ashe Littafin ne a ciki. In ta taɓa kalma, sai asalinta na Ibrananci ya fito, da baƙaƙe masu tafiya daga dama zuwa hagu kamar na allon jikokin Hajara. Ta sake taɓawa, ma'anar ta fito, da duk wuraren da kalmar ta bayyana a Littafin, a jere.

Na ce, "To tambaye shi, ya san gona?"

Ta ɗan yi bincike, ta tsaya a wata doka ta girbi. Kalma ɗaya ta ce ana kiranta feya, wato gefen gona ko kusurwarta, wanda aka hana mai gona ya girbe. Ɗayar leket, abin da ya zube daga hannun masu girbi, wanda aka hana shi komawa ya tsince. Na matalauci ne da baƙo.

Na sha jin an karanta wurin a coci, amma ina ɗauka zancen wata ƙasa ce mai nisa. Ban san mutanen can sun ba abin suna nasa na kansa ba, kamar mu. Na ce, "Ke, kala ce wannan. Nawa aka ce a bari?"

Ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. "Ba a faɗi mudu ba, Kaka. An dai ce a bari."

Sai na ji dariya ta kubce mini, irin wadda na manta ina da ita. Kwaɗin Iya ma ba su faɗi mudu ba.

Da aka gama cin tuwo na sa aka hura wuta, na dire wa yara kwando, na aika a kira Bitrus. Na buɗe wa baƙuwa ƙofa yadda Iya take yi, har kwandon na ɗora a ka, gwiwa tana ƙara. Yara suka cika gida da kukan kwaɗi. Da suka lafa na ce Saratu ta karanta wa ubanta abin da ta gano. Ya saurara yana sosa gemu.

"Inna, ku nawa ne a kaina? Ke, da 'yata, da kakarki, da na'ura?"

"Ka manta kwaɗi," in ji Saratu.

Ya tuntsire da dariya, ya ce shanu za su jira har mata su ce sun gama. Makiyayin ma bai ja ba, ya ce tasa uwar da kala ta raine su.

Na daɗe ina tunanin Iya a zuciyata, ganin ta tafi ba ta ji ko aya ɗaya ba. Ban san yadda Allah zai yi da ita ba, ba ni ce mai shari'a ba. Na dai san abin da ta koya mana a bakin wuta, shi ne na tarar an rubuta tun kafin a haifi kakan kakanta, kuma tun ranar na daina jin nauyi in na tuna ta.

Hajara ta shiga gonar da ƙwaryarta. Bayan kwanaki ta aiko mini da ƙuli-ƙuli a ƙulle a leda. Ba ni da haƙoran cinsa. Na daka shi na barbaɗa a kunu, na kira Bitrus na ba shi ludayi na farko.