Neman taki ga gonar Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da kawuna, muka nufi Tsafe. Baba ya rasu da daminar nan, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona a Bungudu. Gonar ta gaji. Ƙannena sun ce a sayar a raba gado, ni kuma ban shirya ganin wani a cikinta ba.

Tun muna yara, da an gama girbi akwai wani dattijo Bafulatani da ke sauka a gonar da shanunsa. Su ci karan dawa, su yi ta kwana a wurin har rani ya yi nisa, su bar mana taki, Baba ya ba shi dammunan hatsi. Da rashin tsaro ya tsananta aka daina yarda da juna, sai ya tashi. Mun ji yana wajen Bilbis a ƙasar Tsafe, shi muka fita nema.

Hanya ba laifi, sai yawan shingen bincike. Kuɗin mota ya haura yadda na san shi. Direba ya ce ba laifinsa ba ne, motar ce ke shan mai kamar mai buɗe-baki. A Tsafe muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Na tambayi wani mai shago kuɗin taki, ya nuna mini buhuna, da ya faɗi farashi kawu ya ja hannuna muka wuce. Yanzu a gari in ka ce taki, na buhu ake nufi. A bakin Baba kuwa taki na dabbobi ne, na buhu sai ya ce takin zamani.

Babur ya kai mu rugar da hantsi. Dattijon ya gane ni, amma bai ji rasuwar ba. Da na faɗa masa ya yi wa Baba addu'a, sannan ya sa aka kawo mana fura da nono. Na ce na zo ne in sayi kashin shanu in kai gona a mota. Ya yi murmushi.

"Ɗan Malam, wanga da kake gani a ƙasa kashi ne. In ya bushe mata suka tsince shi don hura wuta, kandilo ne. Ba ya zama taki sai ya kwanta a gona, shanu sun tattake shi, ruwan farko ya same shi. Ubanka bai taɓa saye ba. Gayyata yake yi."

"To, Baffa, na gayyace ka."

"Mutanenku za su bari mu kwana lafiya?"

Ban yi masa alkawarin abin da ba na iyawa ba. Na ce zan je in tambaya. Ya ce in mai unguwa da maƙwabtan gona sun amince zai zo, amma kada a taɓa karan.

Muka juyo, muka ratsa Gusau ba tsayawa, sai Bungudu. Mun iske wani ƙanena har ya kira mai amalanke zai kwashe karan ya sayar. Kawu ya ba mai amalanke haƙuri ya sallame shi. Mai unguwa ya saurare mu a ƙofar gidansa, ya aika aka kira maƙwabta. Biyu daga cikinsu fuskarsu ba a sake take ba. Wani tsoho ya ce ya san Bafulatanin, in shanun sun gama da tamu a tsallaka da su tasa. Daga nan sauran suka ce a gwada. Ƙanena ya yarda a jira damina ɗaya kafin a sake zancen sayarwa.

Mun shigo Gusau kafin magariba, don yanzu ba a bari dare ya yi a hanya. Na fita da niyyar sayen abu, na dawo na san cewa da mutane Baba ya riƙe gonar nan, kuma wannan aikin yanzu nawa ne. Jibi zan koma in yashe rijiyar gonar da shanun za su sha.