Ranar da Baba ya yi wa injin biro maimai

Wata Alhamis ce a farkon damina, can ƙarshen shekarun casa'in, ina aji biyar a lakwal. An yi ruwa da asuba, rairayin garinmu Gure ya kwanta luf, yara duk sun bi iyayensu gona shuka. Ni kuwa na gama surfe, na ɗebo ruwan fanfo, na ɗauki kwanon furar Baba na nufi biro, wato ofishinsu. Ina shiga na tarar da injin buga takarda yana ƙara kamar keken ɗinki, yana ta amayo takardu cike da wasu ƙananan zukata da fuskoki, babu kalma ko ɗaya da mutum zai karanta. Nan take na san aikina ne.

Baba magatakarda ne. Shekara ashirin yana bugun keken rubutu kafin a kawo musu kwamfuta daga Damagaram. Ya koye ta da ƙyar, yana lallaɓa ta, yana rufe ta da zanen Inna in an tashi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa "Uwata" yake ce mini, kuma ni kaɗai ya yarda in zauna gefensa ranar da babu lakwal. Ƙawayena suna can suna gaɗa da carafke, ni ina nan ina hura hanci. A jajibirin ranar, Laraba da yamma, da ya fita sallar la'asar, na ja linzamin kwamfutar na yi ta buɗe abubuwa. Na ga jerin sunayen injuna, na zaɓi wanda ya fi mini daɗin faɗa, na amsa "to" ga duk abin da aka tambaye ni.

Rahoton da Baba ya kwana uku yana rubutawa dole ya bi motar da za ta tashi Damagaram bayan azahar. Shef ɗinsu kuwa, shugaban biron, ya daɗe yana cewa zamanin masu keken rubutu ya wuce, zai roƙi a turo masa saurayi daga Yamai. Shef ya leƙo, ya dubi tarin takardun, ya ce wa Baba, "Malam Ari, in abin ya fi ƙarfinka ka faɗa." Ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar da kai gaban wani ba sai ranar. Shef na fita na fashe da kuka, na faɗi duk abin da na taɓa.

Bai daka mini tsawa ba. Ya buɗe durowa ya ciro takardar da mai gyaran Damagaram ya bar masa, da disket uku, faya-fayan kwamfuta, a ɗaure cikin leda. Takardar ta ce akwai wani ɗan shiri a cikin kwamfutar da ke yin tafinta tsakaninta da injin. In ya rikice, a cire shi gaba ɗaya, a kashe, a kunna, a sake zuba shi. Ni nake karanta Faransancin da ƙarfi, shi yana bi. Da muka iso wurin cirewa sai hannunsa ya tsaya. Mutumin da ko takardar da aka ɓata ba ya yarwa, yau an ce ya goge kayan gwamnati da hannunsa! Can ya ce, "In shuka ta ƙi, ai maimai ake yi. Bismillahi." Ya danna.

Sunan injin ya ɓace. Muka kashe, muka kunna, muka sa disket na fari, na biyu, na uku, kowanne yana gurnani, ni ina roƙon Allah kada kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ana kiran azahar takardar farko ta fito, baƙaƙe tsaf a jere. Baba da kansa ya kai ambulan bakin mota, ya dawo ya sha furarsa da ta riga ta tsinke.

A hanyar gida ya ce, "Uwata, kin yi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Amma daga yau ƙanenki zai riƙa kawo fura." Bai taɓa janye maganar ba. Ya riƙe aikinsa har ya yi ritaya, saurayin Yamai bai zo ba, ni kuma ban sake taka biron nan ba. Na ji zafin abin ƙwarai, na yi wata guda ina kumbure-kumbure.

Yau a wurin aikina, in inji ya rikice ni ake kira, in cire in mayar kafin shayi ya huce, ba disket, ba fargaba. Baba ya rasu bai taɓa ganin ina yi ba. Na sami hannu a aikin, amma wanda na so in burge ba ya nan.