Gwangwanin Kaka Sara

Ba wanda ya san shekarun Kaka Sara, har ita kanta. In ana rabon nama sai ta ce ta haura ɗari, a fara da ita. In likita ya hana ta gishiri sai ta ce ai ita yarinya ce. Abin da aka tabbatar kawai shi ne a jirgin ƙasa ta zo Minna daga kudancin Kaduna, tana biye da mijinta Elijah, leburan reluwe. Ta binne shi, ta raini 'ya'ya bakwai da kaskon ƙosai a Barkin Sale, kuma ba ta taɓa yarda cewa ƙosanta ya ƙone ba. In ya yi baƙi, idon mai saye ne ba lafiya.

Abu biyu ne ba a taɓa mata: kujerarta ta gaba a coci, da ɗan gwangwanin man zafi cike da garin taba da take ƙullewa a bakin zani. Ana tsakiyar wa'azi za ta sunkuya kamar mai addu'a, ta shaƙa, ta ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe. Fasto, bawan Allah, har yabon ta ya taɓa yi a kan yadda wa'azi ke ratsa ta. Maman Treasure kuwa, shugabar zumuntar mata, ba a yi mata wannan wayon. Shekara da shekaru tana yi wa mata faɗa a kan taba, idonta ƙyam a kan Kaka, ita kuma Kaka ta fi kowa ƙarfin amin.

Da ciwo ya kwantar da ita a daminar 2009, ta kira jikarta Magdalina, tela a Tunga, wadda ta goya tun tana jaririya.

"Ki sa mini gwangwanina a akwati," in ji ta. "Kakanki da shi ya san ni. In na je ba shi, zai ce wata ce."

Magdalina ta yi dariya, ta yi alkawari. Sati bai zagayo ba Kaka ta cika.

To, alkawari da sauƙi, cikawar ce aiki. Matan zumunta suka yi wa gawa wanka, suka sa mata ankon zumunta, suka kewaye akwatin suna waƙa, Maman Treasure ta kafe a wajen kai ko motsi ba ta yi. Magdalina na tsaye da gwangwani a tafin hannu. In aka kama ta, sunan Kaka ya ɓaci a gaban coci ranar binne ta. In ta fasa, ta ci amanar matar da ta goya ta, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Da kafinta ya ɗauko murfi, ta yi ta maza. Ta sunkuya kamar za ta gyara wa Kaka ɗankwali, sai ta ji an damƙe mata hannu.

"Buɗe, 'yata," Maman Treasure ta ce ƙasa-ƙasa.

"Mama, don Allah, ita ta roƙe ni."

Matar ta karɓe gwangwanin, ta buɗe, ta leƙa, ta ɓata rai.

"Haka za ki sallame ta? Da ɗan wannan?"

Ta juya wa jama'a baya, ta kwance bakin zaninta, ta fito da nata ƙullin, ta zazzage har gwangwanin ya cika. Da hannunta ta ƙulle shi a bakin zanin Kaka, daidai inda ya saba zama.

"Ita ta koya mini, fitinanniyar tsohuwa," ta ce, hawaye na zubo mata, wannan karon ba na taba ba. "Yanzu wa zan riƙa yi wa faɗa?"