Kifi Ba Shi da Ƙashi

Shekarar da ake ta maganar Turawa za su tafi, ina aji huɗu a makarantar elemantare ta Rano. Idan aka ba mu hutu sai in bi masu jakuna zuwa Kibiya, wurin kakata Iya Dije. Suyar kifi ce sana'arta. Masunta ke kawo mata daga kogin wajen Rurum, ta wanke, ta soya, ta ɗauka a ka zuwa kasuwa. Kakana Malam Sale kuwa shekara shida ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke ciyar da gidan, har da waɗanda suka daɗe da barinsa.

Bayan magariba takan zauna bakin murhu ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, tana cire wa Malam ƙayar karfasa ɗaya bayan ɗaya a hasken wutar. Wata rana na ce bari in nuna mata ilimina. Malaminmu ya koya mana cewa Turawa na kiran irin su karfasa da tarwaɗa "boni fish," wato kifi mai ƙashi, don su bambanta su da wasu na teku masu guringuntsi kawai.

"Ƙashi?" in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Sa ke da ƙashi. Kifi ƙaya gare shi."

"Iya, a Turanci duk kalma ɗaya ce."

"To wanda ya raɗa sunan bai taɓa shaƙewa ba. Matso ka ji."

Sai ta fara tatsuniya. Ta gaji har ba ta jira na ce "ta zo mu ji ta" ba. Ta ce a da can kifi ba shi da komai a ciki, tsoka ce zalla mai laushi kamar tuwon shinkafa. Kowa ya zo wucewa sai ya sa hannu ya haɗiye, bai ma san ya ci ba. Uwar kifaye ta ga 'ya'yanta na ƙarewa, sai ta je wurin farar ƙaya da ke bakin gaɓa ta roƙe ta makami. Bishiyar ta ce, "Ɗiba ki jera a bayanki, yadda na yi." Uwar kifaye ta ce idan ta jera a waje, 'ya'yanta za su fara sokewa in sun raɓe ta. Sai ta rufe ido ta haɗiye ƙayoyin. Tun daga ranar suke cikinta, ita suka fara suka kafin kowa.

"Sai aka daina cin su?" na tambaya.

"Ina fa. Ana ci har gobe. Sai dai yanzu mai ci dole ya zauna, ya dubi abin da yake ci."

Na jira ƙurunƙus, ashe barci ya ɗauke ta a zaune, akushin a kan cinyarta. Ni na ƙarasa ba Malam abincinsa.

Ban ji daɗin tatsuniyar ba. Ina son wadda a ƙarshe mugu zai sha kashi. Kuma a lokacin ina cikin masu cewa Iya faɗa gare ta. Baffana Garba, ɗanta na fari, yakan biyo duk ranar kasuwa ya ɗebi kifi ya kai wa iyalinsa. Ba ta taɓa hana shi ba, amma sai ta ce, "Garba, shiga ka gaida ubanka tukuna. Ka juya shi, bayansa ya yi zafi." Ya shiga yana ƙunƙuni, ya fito yana cewa harshenta ya fi wuƙa kaifi. Haka take yi wa kowa.

Malam ya rasu bayan samun 'yancin kai da shekara biyu. Ita ma ba ta yi wata huɗu ba ta bi shi, ko takaba ba ta gama ba.

Na zama malamin makaranta, na rubuta kalmar nan ta "boni fish" a allo har na rasa sau nawa. Littafi ya ce ƙashi, ni ma haka na koyar, domin haka za a tambaye su a jarrabawa. Yanzu da ƙafafuna suka fara kumbura, gida cike da masu zuwa su ɗiba su wuce, na gane faɗan Iya bai taɓa rage mata aiki ba, kuma ita ya fi ci. Abu ɗaya kawai ya saya mata: a shekara takwas ɗin nan, babu makon da ya wuce 'ya'yan Malam ba su zauna a gefen tabarmarsa ba.