Haliru Mai Riƙon Mesa

Haliru mutumin Kurgu ne, jikan masunta, amma shi bai gaje su ba. Tun yana saurayi hannunsa ya kama gizago, ya zama masassaƙin jirgi. Da yawa daga jiragen da ke ɗaukar mutane da buhunan shinkafa a wannan yanki na kogin Kwara a hannunsa suka fito. Mutum ne dogo, marar yawan magana, amma a da yana dariya, musamman in matarsa Tasallah ta dawo daga kasuwa tana kwaikwayon yadda 'yan ƙetare ke taya kifi. Bandar kifi ce sana'arta. 'Yarsu guda, Bashira, tana aure a Lafagu.

Wata ranar kasuwar Dole Kaina, ruwa ya cika maƙil, Tasallah ta shiga jirgi da kwandunanta. Jirgin ya daki kututture a tsakiyar kogi ya kife. Haliru na cikin waɗanda suka yi ta nitso har aka ciro mutane, kuma shi ya tallabo gawarta zuwa gaci. Masu ta'aziyya suka riƙa ce masa, "Ka gode Allah, ba jirginka ba ne." Shi kuwa sai ya ce, "Haka ne." Bai yi kuka ba. Mutane suka yaba haƙurinsa, shi dai ya san ba haƙuri ba ne. Ba ya jin komai ne kawai, kamar wanda ya daɗe zaune a kan ƙafarsa.

Bayan an watse zaman makoki bai koma bakin ruwa ba. Ya zauna a ƙofar gida, in an kawo abinci ya ci, in ba a kawo ba bai tambaya. Nan Malami, ɗan ƙanen mahaifinsa, ya zo ya same shi.

"Yaya, taso mu tai Bagudo. Zaman nan ba ya yi maka."

"In yi mi can?"

"Ko zama ne, ka yi shi inda nike ganinka."

Malami kafinta ne, yana da babban shago a bakin hanya. A shekarar ya sayo wani tsohon injin sassaƙa daga Kwatano, irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Teburi ne shimfiɗaɗɗe, a ɗora katako a ɗaure, sai kan injin ya riƙa yawo gaba da baya, hagu da dama, haƙorinsa na fitar da furanni da zayyana a jikin ƙofofi da kawunan gado. Garin katakon da yake tayarwa kuwa ba a magana. Don haka akwai wata mesa mai kaurin cinya da aka maƙala a kansa, tana zuƙe garin zuwa cikin buhu a waje.

Mesar nan ce ta hana Malami sakat. Nauyi gare ta. In an bar ta, sai ta kwanta a kan katako ta sarƙe da maɗauri. Ya ɗaure ta da igiya a rufi, amma in kan injin ya yi nisa igiyar ta ja shi, zanen ya karkace. Ya cire ta gaba ɗaya, shagon ya turnuƙe, ya kwana yana tari.

Ranar da Haliru ya iso, ya tarar Malami na gudu tsakanin kwamfuta da teburi, yana ɗaga mesa yana saki. Haliru ya tsaya yana kallo. Can ya matsa, ya ɗora ta a kafaɗa, ya tallabe da hannun dama, ya fara bin kan injin duk inda ya nufa. Ƙofar ta fito tsaf.

"Yaya, aje hakanan, wanga ba aikinka ba ne," in ji Malami.

"Bar ni."

Ya bar shi, yana zaton na yini guda ne. Sai ga shi damina ta wuce, an yi girbi, zafi ya shigo, Haliru na nan tsaye da mesa a kafaɗa. Da an tada janareta zai ɗaure hanci da ƙyalle ya kama wurinsa. Aikin ya yi masa daidai. Ƙarar injin ba ta barin kowa ya yi masa magana, kuma ba sai ya yi tunani ba, inda kan ya tafi nan zai bi. Masu zuwa karɓar kaya suka riƙa kiransa mai riƙon mesa. Wasunsu sun taɓa shiga jiragensa, ba su gane shi ba cikin farin garin katako, shi ma bai tuna musu ba.

Bashira ta zo daga Lafagu da ƙullin fura. Ta tsaya a bakin shago har aka kashe injin.

"Baba, kai ne da wanga aiki? Ko ƙusa a bango ai ta iya shi."

"Ƙusa ba ta tahiya, ɗiyata."

"Ka zo wurinmu. Akwai ɗaki."

"Sai na gani."

Ta yi kuka, ya tsaya yana kallonta. Ya raka ta tasha ya dawo.

Tun kafin zuwanta hannunsa na dama ya fara mutuwa. Da farko yatsu ne ke yin kamar ana tsira musu ƙaya, daga baya abin ya hau har gwiwar hannu. Bai gaya wa kowa ba. Rannan ana tsakiyar sassaƙa ƙofar wani ɗan kasuwa, Alhaji Ango, sai mesar ta sulluɓe. Bai ma ji fitarta ba, gani ya yi tana ƙasa. Ta sarƙe, kan injin ya fizge, haƙorin ya karye, ya bar tsaga tun daga tsakiyar ƙofar har gefe.

Malami ya kashe injin. Bai dubi ƙofar ba, hannun Haliru ya kama ya murɗe fatar da ƙarfi.

"Ka ji?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

A asibiti aka ce jijiya ce ta danne, a huta da ɗaukar kaya a kafaɗa. Malami ya rantse ba zai ƙara barinsa ya taɓa mesar ba, ko da zai rufe shagon ne. Ya koma gudunsa tsakanin kwamfuta da teburi, Haliru kuma ya koma benci.

Daga bencin yake kallon yadda mesar ke wahalar da ƙanensa. Kafaɗarsa ta riga ta haddace tafiyarta, inda take son sassauci da inda take son a ɗage ta. Wata safiya ya tashi ya nufi wurin Zayyanu mai walda. Suka kafa bututun ƙarfe a jikin bango, suka sa masa boris ɗin tsohuwar ƙafar babur a sama, yadda abin da aka ɗora zai juya. Haliru ya ɗaura dogon katako ya miƙo bisa teburin, ya rataye mesar a jiki.

Bai yi ba. Katakon ya yi nauyi, kan injin ya tafi ya bar shi a baya. Ya sauke, ya nemo busasshiyar gora mai sauƙi. Ita kuma igiyar da ya rataye mesar da ita ba ta miƙewa, sai ta riƙa fizga. Ya yanka tsohuwar robar cikin taya sili-sili, ya yi wa mesar majanyu, na kusa da bango gajeru, na baki dogo. Da hannun hagu ya yi yawancin aikin, yana kama ƙulli da haƙori.

Aka tada injin. Kan ya tafi, gorar ta bi shi a hankali, robar ta miƙe ta dawo, mesar na lilo a sama ba ta taɓa komai ba. Malami ya yi ta kabbara, ya kira maƙwabta su gani. Haliru na tsaye a wurin da ya saba tsayawa, hannuwansa a sake. Ya duba ko akwai abin gyarawa, babu.

"Yaya, ka ga abin da ka yi kuwa?"

"Na gani," in ji shi. Ya koma benci.

Labari ya kai har ƙetaren iyaka. Wani kafinta daga can ya zo ya ɗauki hoton abin da wayarsa, ya tambayi Haliru da Hausarsa mai gauraye da Dandanci, yaren mutanen can, yadda aka yi dabarar ta zo masa. Haliru ya ce hannunsa ne ya gaji. Mutumin ya yi dariya, yana zaton wasa ne.

Yanzu gugar samfefa yake yi. In ƙofa ta sauko daga injin, shi ke bin lungunan zanen yana goge gashin katako kafin a shafa mai. Ji ya dawo a yatsunsa uku, ƙaramin da na kusa da shi har yau shiru. Yana kwana a ɗakin bayan shago. Da azahar matar Malami kan aiko da tuwon shinkafa, su ci tare a inuwar ɗorawa, Malami na ba da labarin masu kawo aiki, shi yana saurare. In an gama ya wanke hannu, ya ɗauki samfefarsa.