Furen Moro da Ruwan Alwala

Moro ba ya gaisuwa. Shekara arba'in muna haya a gida ɗaya a unguwar Akwatialine, ban taɓa jin "ina kwana" daga bakinsa ba. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Rakiatu, na gan ki, kin gan ni. Me ya rage?"

Walda yake yi a Suame, amma ransa na kan wani furen fadama mai launin shunayya, wanda ya fi mutum tsayi. Muna yara bakin rafin Aboabo cike yake da shi. Da aka fara zuba ƙasa ana gina shaguna, Moro ya haƙo saiwa biyar ya kawo gida.

Furen ba ya rayuwa sai gindinsa na cikin ruwa. Ya dasa a kwatar gidanmu, sabulu ya kashe uku. Sai ya lura ruwa ɗaya ne a Zongo da ba ya yankewa kuma babu sabulu a cikinsa, ruwan alwala. Ya kai ragowar biyun bayan masallacin layinmu, inda ruwan ke gangarawa. Suka yaɗu har suna leƙa taga. Sau uku yana raba saiwar yana mayarwa bakin rafi, sau uku shara na binne ta.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Yana asibiti a Bantama kwamitin masallaci suka gyara wurin alwala, suka sa bututu, suka shafe bayan da siminti. Ba mugunta suka yi ba, sun ɗauka ciyawa ce. Wanda ba ya gaisuwa, wa ya gaya wa? Ko da na isa an gama sara. Saiwa ɗaya na tsinta a bola, na sa a rabin duro.

Kara ɗaya ta fitar, ba ta yi fure ba. Famfonmu sai ya ga dama, ni kuma gwiwa ta hana ni ɗaukar bokiti.

Bayan an sallame shi daga asibiti, ranar Juma'a Moro ya sa aka fitar da shi ƙofar gida, da duron a gefensa. Maza na wucewa zuwa masallaci, ya yi musu sallama da karkataccen baki.

Sadick ladani ya tsaya. "Baba Moro, yau kai ne da sallama? Ashe ciwo malami ne!"

Yawancinsu sun riga sun yi alwalarsu a gida, sauri suke. Moro ya nuna duron da hannunsa mai lafiya.

"Don Allah," ya ce, "wanda bai yi alwala ba, ya zo ya yi a kan wannan."